Ana tafa wa waƙarsu, ana toshe hanci da abincinsu

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya, sai na ci karo da wani bidiyo da ya sa na tashi zaune. Wani saurayi ne a cikin zauren wasanni. An rataye wata 'yar ƙwallo da zare a can sama, ta fi tsayin ƙofar ɗaki nesa ba kusa ba. Ya ɗan taho da gudu, ya daka tsalle, ya taɓa ta da ƙafa ɗaya, sannan ya dira a kan wannan ƙafar dai, yana ɗingishi har ya tsaya cak. Da ɗaya ƙafar ta taɓa ƙasa, da ya faɗi. Wallahi abin da ya fara zo mini a rai langa ne. Duk wanda ya yi langa a dandali da farin wata ya san wahalar tsayuwa da ƙafa ɗaya, balle a ce sai ka yi tsalle ka shuri abin da ya fi ka tsayi tukuna.

Da safe na nuna wa yarona, ya ce, "Baba, 'yan ina ne waɗannan?" Bakina ya riga ni, na ce Eskimo. Sai na ji kunyar kaina, domin na san ba sa son wannan suna. Mu a littafin firamare muka gan shi, tare da zanen wani mutum cikin rigar gashi a bakin ɗakin ƙanƙara, kuma iyakar abin da aka koya mana ke nan. Sunan da suke kiran kansu Inuit ne, ma'anarsa "mutane", mutum ɗaya kuma Inuk. Sun kai wajen 180,000, a warwatse a arewacin Kanada da Girinlan da Alaska da wani gefe na Rasha. A Kanada suna da yankin kansu, Nunavut, tun ranar 1 ga Afrilu 1999. Faɗinsa ya ninka Najeriya sau biyu, amma jama'arsa duka ba su wuce 40,000 da wani abu ba, ko ƙaramar hukuma ɗaya ta Kano ba su cika ba. Babu titin mota da ya haɗa garuruwansu da juna. Ba a noma. Itace ma kusan babu.

Wasannin nan nasu su suka fi ɗaukar hankalina, domin in ka lura za ka ga duk an yi su ne don wuri matsattse. Mutanen da rana kan ɓace musu na makonni, a wasu wuraren ma watanni, ga sanyin da ke kashe mutum a waje, dole su nemi abin da zai riƙe musu ƙarfin jiki a cikin ɗaki. Akwai shurin ƙafa ɗaya da na gani, akwai na ƙafa biyu. Akwai wanda mutum zai durƙusa a kan gwiwoyinsa ya yi tsalle ya dira a tsaye. Akwai wanda ake kifa ciki, a dunƙule hannu kamar ɗan dambe, a riƙa tsalle a kan gaɓoɓin yatsu da yatsun ƙafa har sai fata ta saluɓe. A Alaska kuma akwai jan kunne: mutum biyu su zauna fuska da fuska, a maƙala zare ɗaya a kunnuwansu, kowa ya ja baya har ɗaya ya saduda. Wannan kam shaɗi ne babu bulala. Abin da ake gwadawa juriya ce, domin mafarauci a kan ƙanƙara in bai iya cije zafi ba, ba zai dawo gida ba.

Kuma ba su bar wasannin nan a hannun tsofaffi suna ba da labari ba. Tun 1961 ake yin gasarsu a garin Fairbanks na Alaska, sannan a 1970 aka fara babbar gasar hunturu ta yankunan ƙanƙara a Yellowknife da ke Kanada. Abin da ya fi burge ni shi ne lambar yabon da ake bayarwa a wannan gasa ta biyu. An ƙera ta ne da siffar ulu, wato wuƙar matan Inuit mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, wadda suke fiɗa da yankan fata da ita. Ka ci zinare, a rataya maka wuƙar uwarka a wuya. Ni ban taɓa ganin lambar yabo da ta fi wannan ma'ana ba.

Kada wani ya ɗauka cikin kwanciyar hankali suka riƙe waɗannan abubuwa. Daga wajen 1941 gwamnatin Kanada ta ga sunayensu sun yi mata wuyar rubutawa, sai ta raba wa kowa wani ɗan faifai mai lamba ya rataya a wuya, da harafin E ga mutanen gabas, W ga na yamma. Da lambar ake kiran mutum a takardun gwamnati, har sai da wani ɗansu, Abe Okpik, ya zagaya garuruwa a wajajen 1970 yana rubuta wa mutane sunayen da suka zaɓa. A 1953 da 1955 aka kwashi iyalai daga garin Inukjuak aka kai su kusan kilomita 2,000 can ƙuryar arewa, Resolute da Grise Fiord, inda ba su san ƙasar ba, ba su san duhunta ba. Sai 2010 gwamnati ta nemi gafara. An harbe musu karnukan da ke ja musu kaya, wanda daidai yake da ka yanka wa Buzu raƙumansa. An kwashi 'ya'yansu zuwa makarantun kwana inda ake hukunta yaro don ya yi harshen uwarsa. A Girinlan ma Denmak, wadda ke mulkinta, ta ɗauki yara 22 a 1951 don ta mayar da su 'yan Denmak. Ban kawo wannan don a yi kuka ba. Na kawo ne don a san daga ramin da suka fito.

To daga cikin wannan rami ne wata mata mai suna Kenojuak Ashevak, wadda aka haifa a ɗakin ƙanƙara, ta zana wata mujiya a 1960 a garin Kinngait. Mu nan in mujiya ta yi kuka a kan katanga sai a hau salati, ita kuwa ta zana tata da gashinta a baje kamar hasken rana. A 1970 Kanada ta buga wannan mujiya a kan kan sarki, ta zama ɗaya daga zanen da aka fi sani a ƙasar. Yanzu a birnin Winnipeg akwai gini guda, Qaumajuq, da aka buɗe a 2021 don ajiye zane da sassaƙar Inuit, dubbai a jere.

Labarin Zacharias Kunuk kuwa ina so 'yan fim ɗinmu su ji shi. Masassaƙin dutse ne daga garin Igloolik na Nunavut. A 1981 ya kai sassaƙarsa Montreal ya sayar, ya sayi kyamarar bidiyo ya koma gida. Bayan shekara 20 ya fito da Atanarjuat, wanda ya gina a kan wani tsohon labari da kakanninsu ke bayarwa da baki. Daga farko har ƙarshe da harshensu na Inuktitut aka yi shi, 'yan wasan nasu ne, kayan sawa da kayan farauta irin na da aka ɗinka aka ƙera. Bai ce bari in sa Turanci don Turawa su gane ba. A 2001 fim ɗin ya ci kyautar da ake ba sabon darakta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, kuma a 2015 wata ƙuri'a da bikin fina-finan Toronto ya shirya ta sa shi a matsayi na ɗaya cikin duk fina-finan Kanada. Harshen da masu jin sa ba su kai mutanen unguwa biyu a Kano ba. Mu da muke da miliyoyi, na bar maganar a nan.

Akwai kuma waƙar maƙogwaro da mata ke yi, katajjaq. Mata biyu su tsaya suna riƙe da hannun juna, fuska dab da fuska, ɗaya ta fitar da sauti daga can cikin maƙoshi, ɗaya ta amsa, suna kwaikwayon iska ko kukan tsuntsu ko gurnanin kare. Wadda ta fara dariya ko numfashinta ya ƙare ta faɗi. 'Yan mishan sun hana shi shekaru da yawa, har ya kusa ɓacewa. Tanya Tagaq, 'yar garin Cambridge Bay na Nunavut, ta ɗauko shi ta gauraya da kiɗan zamani, ta ci babbar kyautar waƙa ta Polaris a 2014.

A kan wannan mata ne na zo ga abin da ya sa ni rubutun nan. A shekarar da aka ba ta kyautar, ta sa hoton jaririyarta kwance kusa da wata dabbar ruwa da aka farauto. Turawa na ce wa dabbar sil, su kuma nattiq, ta ɗan yi kama da ayu. Sai masu rajin kare dabbobi suka yi mata ca a intanet da zagi da barazana, wasu har suna cewa a ƙwace mata 'yar. Mutanen da ke tafa wa muryarta su ne ke tsine wa abincinta.

A ganina wannan munafunci ne, domin in ka cire nattiq daga rayuwar Inuit, ban san me ya rage da za ka yaba ba. 'Yar ƙwallon da saurayin nan ya shura, da fatarta aka saba ɗinka ta. Tsallen kan gaɓoɓin yatsu kwaikwayon tafiyarta ne a kan ƙanƙara. Takalmansu, kamik, fatarta ce. Kwalekwalensu da duniya ta ara har da sunansa, kayak, da fatarta ake rufe shi. Fitilar dutse, qulliq, da kitsenta take ci, kuma irin wannan fitila aka kunna a majalisar dattawan Kanada a 2021 ranar da Mary Simon, Ba'inuwiya, ta zama gwamna janar ta farko daga cikin 'yan asalin ƙasar. Wuƙar nan da ake rataya wa zakaru, me ake fiɗa da ita?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai ba da Inuit ake ba, da manyan 'yan kasuwa ake, masu kashe jariran dabbar a gaɓar gabashin Kanada. Gaskiya ne, kuma ni ma addinina ya hana ni azabtar da dabba, ko wuƙa ba a so a wasa a gabanta. Amma duba yadda abin ya kasance. A 1977 'yar fim ɗin Faransa Brigitte Bardot ta je kan ƙanƙara aka yi ta ɗaukar hoto, duniya ta ɗauka. A 1983 ƙasashen Turai suka hana shigo da fatar jariran. Inuit ba jarirai suke farauta ba, manya suke kamawa su ci naman, su sayar da fatar su sayi harsashi da man fetur. Sai dai mai saye a Turai ba ya tambayar wace fata ce, kasuwar gaba ɗaya ta rushe. A 2009 Tarayyar Turai ta sake kafa doka mai faɗi, ta ce ta keɓe Inuit. Ina amfanin a ce an ba ka izinin kasa kaya a kasuwar da aka riga aka watse? Ku ɗauka a ce gobe duniya ta yi ittifaƙi cewa fatar jar akuyar Sakkwato abin ƙyama ce, sannan a ce wa dukawa da majema ku kam an yafe muku, ku ci gaba. Ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da kanta ta fito a 2014 ta ba Inuit haƙuri a kan ɓarnar da kamfen ɗinta ya jawo. Ihu bayan hari.

Kuma masu wannan hukunci suna zaune ne a inda kanti ke cike da nama iri-iri na dabbobin da aka tsare a keji tun haihuwa. An ƙi cin biri an ci dila. Shi kuwa mutumin Nunavut, duk abin da ke kantinsa jirgin sama ne ya kawo shi, ko jirgin ruwan da ke zuwa in ƙanƙara ta narke, farashinsa ninki biyu ko uku na kudancin ƙasar. Yunwa a gidajensu ta fi ta ko'ina a Kanada, haka tarin fuka, haka matasa masu kashe kansu. Jordin Tootoo, wanda ya taso a garin Rankin Inlet na Nunavut, shi ne Ba'inuwi na farko da ya buga babbar gasar hoki ta kan ƙanƙara, ya fara da ƙungiyar Nashville a 2003. Shekara ɗaya kafin nan wansa Terence, wanda shi ma ɗan wasa ne, ya kashe kansa. Jordin ya yi fama da giya, ya je aka yi masa magani, kuma da ya yi ritaya a 2018 sai ya koma zagayawa yana yi wa matasansu magana. Bai taɓa ɓoye cewa fita farauta da mahaifinsa na cikin abin da ya riƙe shi ba.

Na koma na sake kallon bidiyon nan da rana, sai na lura da abin da ya wuce ni da dare. Akwai wani yaro da ya yi tsalle bai kai ba. Wanda ya matso ya nuna masa inda zai taka da yadda zai karkata ƙugu, abokin karawarsa ne, wanda in yaron ya kai shi zai kayar. Ashe haka al'adar gasar take. Da la'asar na leƙa tsakar gida na tarar yarona ya cusa tsumma a cikin safa ya rataye a igiyar shanya, shi da ƙannensa suna ta shuri suna zubewa a ƙasa, uwarsu na ta faɗan za su tsinke mata igiya.