Mai ceto da aka ceta a Georgian Bay

Rundunar tsaron gaɓar ruwa ta Kanada tana ɗaukar ɗaliban jami'a aikin ceto duk hutun bazara, daga wajen Mayu zuwa farkon Satumba, mutum uku a ƙaramin jirgin roba mai injin baya, sati biyu kana aiki sati biyu kana hutu, ga kuɗi mai ɗan kauri. Ni da na tashi a Kano ruwan da na fi sani Dam ɗin Tiga ne, shi ma daga bakin gaɓa ina cin kifi, amma da na ji albashin wallahi sai na ji jarumta ta motsa. Na yo lasin rediyo, na yo kwas ɗin taimakon gaggawa, aka ɗauke ni. Da na gaya wa Umma sai ta ce "kai Allah ya shirye ka, kai da ko wankan sanyi sai an yi dambe."

Aka tura mu Georgian Bay, wani ɓangare na tafkin Huron, wai tafki, ba ka hango ɗaya gaɓar fa. Kira na farko da ya shigo a tasha ta 16, wadda duk mai jirgi a yankin ke sauraro, na ɗau rediyo na rangaɗa "salamu alaikum, wa ke magana?" Ogarmu, wata ɗalibar likitanci, dariya har da riƙe ciki.

Galibin aikin ma ba nutsewa ba ne, mutane ne mai ya ƙare musu ko inji ya mutu. Rannan cibiyar da ke tsara ayyukan ceto a garin Trenton ta tura mu wajen wani dattijo mai kamun kifi, iska ta taso, ni kuma na loda garau-garau da manja kafin mu fita don ban san za a kira ba. Jirgi na tsalle cikina na tsalle. Muka isa, aka ce in jefa masa igiya, na miƙe na ɗaga hannu da ƙarfin hali, abin da ya fita ba igiya ba ce.

Dattijon nan da muka zo ceto shi ya miƙo min ruwa da alewar citta, yana cewa in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, in daina kallon ƙafata. Har muka ja jirginsa zuwa gaɓa yana ɗago min hannu daga baya yana tambaya ko na samu sauƙi.

Da dare oga na cike rahoto ta ɗago kai ta ce, "wajen waɗanda aka taimaka, ɗaya zan rubuta ko biyu?"