Maganin daminar nan da ake kawo muna har gida, daga ina ya fito?

Jiya da hantsi matan nan masu rabon maganin zazzaɓin damina suka shigo gidanmu nan Gusau, su biyu, hijabansu duk sun jiƙe da yayyafi. Ɗaya ta tsuguna ta narkar da ƙwayar cikin cokali ta ɗura ma autana, yaro na ta yamutsa fuska, ɗayar ta cika kati ta ba uwargida sauran na kwana biyu, suka yi alama da alli a bango suka wuce. Ina fitowa sai maƙwabcina ya ce wai duk cin kuɗi ne, su masu binciken cututtukan nan ba abin da suka iya sai tara takardu. Wallahi maganar ta tsaya min a rai har dare.

Jama'a maganin ga ba daga sama ya faɗo ba. Akwai wani likita ɗan Ingila, Farfesa Brian Greenwood, ya zo Najeriya 1965 ya fara aiki Ibadan, 1970 ya komo Zariya wajen ABU ya yi shekara goma cur. Irin likitocin nan ne da ba mara lafiya ɗaya suke dubawa ba, gari guda suke dubawa, su wa suka kamu, wane wata, wace unguwa, shekarunsu nawa, nawa suka rasu. A Zariya suka bi sanƙarau shekara da shekaru suna ƙidaya, suka nuna da alƙaluma yadda yake tashi da bazara in iska ta bushe, ya lafa da saukar ruwa. Kakanninmu sun san haka a baki, gaskiya ne, amma hukuma ba ta tanadar allura da zancen baki. 1980 ya tafi Gambiya, can shi da abokan aikinsa suka gwada gidan sauro mai magani aka ga mutuwar yara ta ragu, kuma yana cikin waɗanda suka yi ta bincike kan ba yara magani wata-wata lokacin damina tun kafin zazzaɓi ya kama su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi 2012. Shi ne abin da ke cikin cokalin nan.

Ni zancen sanƙarau ba labari aka ba ni ba. Annobar 1996 da ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 11,000, ƙanwata na cikin waɗanda suka kamu, ta tashi amma ta kurumce, har yau da hannu muke hira da ita, ɗiyanta ba ta taɓa jin kukansu ba.

An kawo allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac 2011, nau'in A na cutar da ya daɗe yana cin mu ya kwanta, muka ce alhamdulillah. Sai ga sanƙarau ƙarshen 2016 ya sake ɓullowa ta Zurmi, kafin ya lafa 2017 an ƙirga sama da 14,000 a jihohinmu, sama da 1,100 sun riga mu gidan gaskiya. Wa ya gano ba tsohon nau'in ba ne, C ne, allurar da muka yi ba ta kama shi? Waɗanda suka ɗebi ruwan ƙashin bayan marasa lafiya suka kai ɗakin gwaji. Irin wannan bin diddigin ne ya kai mu ga allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar, wadda Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita 2024.

Abin da ke ƙona min rai shi ne cuta a gidanmu take amma ƙidayar sai wani ya zo daga nesa ya yi muna. A 2017 an kwashe makonni yara na mutuwa a ƙauyuka kafin labari ya isa inda ya kamata. Ɗiyanmu masu ƙwaƙwalwa kowa so yake ya sa farar riga ya zauna ofis, ban ga laifinsu ba tunda mai yawo ƙauye da rajista ko kuɗin man mashin sai ya yi ta bi. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin ko mutum goma su karanto wannan fanni na binciken cututtuka su dawo su zauna da mu, ta sayi kayan gwaji ta ajiye Gusau, ai bai kai kuɗin motocin da ake rabawa ba.

Maƙwabcin nawa dai na je na same shi bayan la'asar mun daɗe muna magana, ya ce in matan sun dawo wata mai zuwa zai fito da yaransa uku.