Ƙannena marubuta, ku san tsadar abin da kuke rubutawa

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannena masu rubuta labarin fim a nan Kaduna, na Tudun Wada da Kawo da Rigasa, masu raba dare suna tsara labari a waya, su tura wa furodusa a Kano, sai shiru kamar an shuka dusa. Da yawanku kuna cewa hassada ce, ko kuma sai wanda ya san wani. Ana samun haka. Amma abin da ya fi kashe labaranku tun ba a kai shafi na goma ba shi ne tsada.

Furodusa da biro a hannu yake karatu, yana lissafi. Gidaje nawa za a shiga, jarumai nawa ne masu magana, fitowa (wato sin) nawa ce ta dare, kwana nawa aikin zai ci. Kowace ranar ɗauka kuɗi take ci: hayar kyamara da fitilu, janareta da mansa, motar kwasar ma'aikata, abinci, masauki, sallamar jarumai. Kai layi ɗaya ka rubuta, cewa gobara ta tashi a kasuwa jama'a suna gudu. Shi kuwa abin da ya gani shi ne neman izini, da taron mutanen da sai an ciyar da su an sallame su, da rumfunan da za a gina don a ƙone, da yini biyu ko uku a kan abin da ba zai wuce minti ɗaya a allo ba. Nan zai rufe, ko da labarin ya ratsa shi.

Ku kuma tuna kasuwar ta sauya. A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano suna sayen fim da yawa, mai fim ya mayar da kuɗinsa cikin sauri. Satar fasaha da tura fim a waya sun rusa wannan. Yau mafi yawan aiki ya koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Kuɗin YouTube a hankali yake shigowa, kuma tallar da ake ɗora wa masu kallo daga Najeriya ba ta biya kamar ta Turai, shi ya sa ake ta neman masu ɗaukar nauyi. Sai kuma aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta da mota suka zama abin tsoro. Wanda yake cikin wannan hali ne kuke miƙa wa labarin yaƙi mai dawakai ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin tsadar da kuke zubawa labarin bai nemi ta ba. Yaro zai faɗa wa yarinya yana sonta, sai ka kai su Gamji Gate, daga nan gidan shaƙatawa na Kajuru Castle, daga nan tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Duk sauyin wuri yana nufin a kwance kaya, a loda, a yi tafiya, a sake saita haske, rabin yini ya tafi. Fitowar dare a waje sai da fitilu masu ƙarfi. Labarin zamanin da kuwa sai sutura ta musamman da kauce wa wayar lantarki da rufin kwano a kowane kusurwa. Idan ka cika labari da fitowar fili, ka tuna daminar Kaduna takan kai daga Mayu har Oktoba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa ku rubuta labari mara gishiri. Abin da ke riƙe Bahaushe a gaban allo, har ya jira mako ya zagayo, rikicin da ke cikin zukata ne: rabon gado, uwar miji da matar ɗa, amanar da aka ci, sirrin da aka binne shekara ashirin. Duk wannan a tsakar gida ɗaya ake yin sa, kuma ya fi wahalar rubutawa, domin babu abin da zai rufa maka asiri sai ƙarfin zance da ginin halayya.

Don haka kafin ka tura, ka ɗauki takarda ka lissafa wuraren da ke labarinka. Wanda aka shiga sau ɗaya, ka tambayi kanka ko za a iya mayar da fitowar wani wurin da ake da shi. Abokai uku masu aiki iri ɗaya, ka narkar da su su zama mutum ɗaya. Babban jarumi kwanakinsa tsada gare su, ka tattara fitowarsa a wurare kaɗan. Ka bar fitowa ɗaya mai tsada idan ita ce ƙashin bayan labarin, ka kuma shirya hujjar kare ta. Sannan ka roƙi wani darakta ya bar ka ka zauna a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ko da na yini biyu ne, ka ga da idonka yadda shafi ɗaya yake cinye awanni.

Babban labarin nan naka mai sarakuna da mayaƙa, ka adana shi har sunanka ya fito an yarda da kai. Kuma idan labarinka mai sauƙin ɗauka ya samu shiga, sauƙin ɗaukarsa ba dalili ba ne na a biya ka kuɗin kati. Ku yi yarjejeniya a rubuce, da farashi, da lokacin biya, da sunanka a jikin fim, kafin ka miƙa cikakken rubutun.