Agogo biyu a garin Chop

Wanda ya ja min wannan abin kun san shi, ba sai na kama suna ba. Mutuminku ɗan Zariya, mai jar hular sanyi. Hutun hunturun 2019 ne, kafin babban yaƙin 2022, muna zaune a ɗaki a Lviv ta ƙasar Yukren babu kuɗin zuwa gida, sai ya ce akwai wani gari a bakin iyaka wai shi Chop, a can ake ɗaga taragon jirgin ƙasa sama a sauya masa ƙafafu. Na ce ƙarya yake. Ya ce layin dogon Yukren faɗinsa milimita 1520, na Hangari 1435, to ta ina jirgi zai wuce in ba a sauya ba? Muka yanki tikitin zuwa da dawowa. Ranar tafiya ya kwanta wai mura. Ni kaɗai na tafi, don kuɗina ba za su bi ruwa ba.

Garin ɗan mitsitsi ne, mutanensa ba su kai dubu goma ba, tashar jirgin ta kusa fin garin girma. Ga kogin Tisa, hayinsa Záhony ta Hangari, Slovakiya kuma ga ta can gefe. Kafin in yi taku ɗari masu gadin iyaka sun tambaye ni posvidka, wato katin izinin zama, sau biyu, cikin ladabi dai, amma sau biyu. Sunan garin ya sa na sa rai da ciki, kun san abin da "chop" ke nufi a Sabon Gari. Shayi da burodi na samu. Ɗaga taragon kuwa, shinge na gani da wasu ƙarafa daga nesa. Shi ke nan yawon buɗe idon.

Jirgin komawata ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ne. Na shigo tasha, na ɗaga kai, babban agogon bango ya ce huɗu saura kwata. Na ciro waya, ta ce uku saura kwata. To ni ɗan Kano ne. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin agogon bangon ma'aikata da ke faɗin gaskiya ba, ko ya tsaya tun zamanin soja ko yana gudun kansa. Duk da haka na ce bari in nemi shaida. Ga wata tsohuwa a kan benci da kallabi da jakunkuna uku, na gaishe ta, na nuna wuyan hannuna. Ta ja hannun riga, ta kawo agogon kusa da hancinta: uku saura kwata. Shaidu biyu, ko a gaban alƙali magana ta ƙare. Na fita neman wani shayin hankalina kwance, har da tsayawa ɗaukar hoto.

Abin da ban sani ba, wayata ta kama layin Hangari ta hayin kogi, ta mayar da kanta baya da awa guda ba ta yi shawara da ni ba. Tsohuwa kuma ba kuskure ta yi ba. A yankin Zakarpattiya mutane da yawa, musamman tsofaffi, lokacin tsakiyar Turai suke bi, suna ce masa na gida, na Kyiv kuma na hukuma da jirgi ne. In an ba ka alkawari sai ka tambaya, na Kyiv ko na gida? Kuma ban ga laifinta ba. Wadda aka haifa a garin nan kafin 1938 ta zauna a Cekoslovakiya, ta zauna a Hangari, daga 1945 Tarayyar Sobiyet, daga 1991 Yukren, ba ta sauya ɗakin kwana ba. Wa zai zo ya ce mata ta gyara agogo?

Na dawo ina tafiyar ƙasaita. Babu jirgi. Na nufi tagar tikiti, kasa suke ce mata, akwai layi na mutum kamar bakwai, na ce a yi haƙuri gaggawa ce. Na tura tikiti ta ƙarƙashin gilashi, na haɗa ɗan Rashancin da nake da shi da Yukreniyancin aji ɗaya, na ce jirginku ya tashi kafin lokaci. Matar ta dubi tikiti, ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta ce uffan ba. Na manna wayata a jikin gilashi. Na buga gilashin da yatsa, Allah ya yafe min, sau uku. Na ce awa guda cur! Na ma juya wa mutanen layi ina nuna musu wayar ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallan maganin basir. Sannan, don abin ya cika, na je na taso tsohuwar nan daga bencinta, da jakunkunanta, na kawo ta ta ba da shaida. Ta zo kuwa, baiwar Allah, ta ja hannun riga. Mai tikiti ta tambaye ta kalma biyu. Tsohuwa ta amsa da ɗaya. Sai mai tikiti ta ɗaga biro, ba ta ko juya ba, ta nuna agogon bango ta bayan kafaɗarta, ta ce, "Po kyivsky," wato da lokacin Kyiv.

Shiru. Irin shirun da har ƙarar na'urar ɗumama ɗaki kake ji. Hannuna yana nan a sama da wayar, na rasa yadda ake sauke shi.

Amma duk wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba shi ne mutumin baƙar jaket. Tun shigowata ta farko yana tsaye jikin ginshiƙi yana ɓare 'ya'yan furen rana da haƙori, yana tofa ɓawon a tafin hannu. A gabansa na dubi agogon bango na taɓe baki. A gabansa na tambayi tsohuwa. Ya ga na fita, ya ga jirgi ya shigo, ya ga ya tashi. Kalma ɗaya da ta fisshe ni. Sai da aka gama da ni a gaban jama'a ya tako a hankali, ya dafa kafaɗata, ya ce da Turanci tsaf, wanda ya fi nawa, wai kowane mako sai an samu ɗaya. Kowane mako! Ashe kallo yake zuwa. Ba shi da jaka, ba shi da tikiti, ban ga yana jiran kowa ba. Har ya miƙo min 'ya'yan furen ranar, kuma abin haushin na karɓa, don yunwa nake ji.

Daga baya ina cikin marshrutka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Uzhhorod, inda zan nemi wani jirgin, na kira gida. Ƙanwata ta faɗi lokaci, na duba wayata, daidai da na Kano minti bai goce ba. Ashe da hunturu agogon tsohuwar nan da namu ɗaya ne.

Ɗan Zariya har yau bai biya ni kuɗin tikitin biyu ba. Ya ce shi ɗaga tarago ya ce in je in gani, bai ce in yi musu da agogo ba. Murar ma na ji daga baya ba mura ba ce, amma wannan ku tambaye shi da kanku.