Juye a tsakiyar hanya ya ishe mu

Wallahi abin ya isa haka nan. Mutum ya biya kuɗin mota daga Gusau zuwa Kaduna cif-cif, har da na kaya, amma ana isa Funtuwa sai direba ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya ce, "Jama'a a yi haƙuri a sauko, ga wata can za ta ƙarasa da ku." Wace wata? Motar da yake nunawa ko rabi ba ta cika ba, kuma biyu daga cikin waɗanda ke ciki ba matafiya ba ne, 'yan zaman mota ne da aka ajiye don a yaudari ido. Kafin ka gama sauke buhunka ya ƙulla cinikinsa da ɗaya direban a bayan but, ya juya kan mota, ya kama lodin komawa. An sayar da kai kamar akuya ranar kasuwa, ba a ko tambaye ka ba.

Sai sabon direba ya ce shi fa ba a ba shi kuɗin kaya ba. Ka ce ka biya, ya ce nuna shaida. Wace shaida, tunda ba a taɓa ba ka ko guntuwar takarda ba? Ɗan kamasho yana gefe yana cewa, "Alhaji, kai ma ka san tsadar mai." Na sani. Ni na sa shi? Tsohuwa da jikokinta suna tsaye cikin rana, mai goyo tana neman inda za ta kewaya babu, mara lafiyar da ake kai wa asibiti a Zariya yana kwance kan benci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sauya abin hawa ba dole ne ya zama azaba ba. A birnin Paris na Faransa akwai tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa mai suna Chatelet-Les Halles, wadda aka buɗe ɓangarenta na jiragen kewayen birni a 1977, a wurin da tsohuwar babbar kasuwar abinci take kafin a tashe ta a 1969. Layuka 5 na jirgin cikin gari ne suka haɗu a nan da layuka 3 na jiragen RER masu kwaso ma'aikata daga garuruwan gefe. Tsakanin layin A da layin B ma an shirya dandamalin yadda za ka sauka ta wannan gefe, ka yi 'yan taku, ka shiga na wancan gefen. Allo yana gaya maka minti nawa ya rage jirgi ya iso. Su ma can suna kukan cunkoso da doguwar tafiya cikin lunguna, amma ba wanda zai tare ka a tsakiya ya ce kawo kuɗin jaka. Masar, nan Afirka, tun 1987 take da jirgin ƙarƙashin ƙasa a Alƙahira.

Na san wani zai ce ina Gusau ina Paris. To, ban ce a haƙa rami ƙarƙashin Tudun Wada ba. Amma mu ba baƙin jirgi ba ne. Tun 1929 layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda. Da shi aka yi ta kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, kakanninmu suka hau shi suka je fatauci. Yau shekara da shekaru ba a ji ƙarar jirgin fasinja ba, ciyawa da shara sun rufe dogon a wurare da dama. Lokacin da ake buƙatar gyaɗarmu an san hanyar zuwa, da ya zama mu ne ke buƙatar tafiya sai hanya ta ɓace.

A Abuja kuwa an yi abin. Jirgin Kaduna zuwa Abuja ya fara aiki a 2016, kuma a tashar Idu yake haɗuwa da jirgin cikin birni. Ɗan Zamfara da ke son ya hau shi sai ya fara ratsa Tsafe da addu'a a bakinsa, ya sha juye, ya sauka Kaduna, ya yi cinikin keke da kayansa zuwa tashar jirgin da ke Rigasa, ya tarar jirgi ya tashi.

Kuma a hanyarmu ɓata lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Kowa ya san dalilin da ya sa muke sammako, kowa ya san abin da ake gudu idan magariba ta yi wa mota a daji. Direban da ya zubar da kai ka yi awanni kana jiran cikon fasinja, ba jinkiri kawai ya jawo maka ba, da ranka ya yi caca don ya ƙara lodi ɗaya. Mai dawowa Gusau aka yi masa haka da la'asar, ko ya kwana a tasha ko ya shiga hanya cikin duhu.

Shugabannin tashoshi, ku ne kuke karɓar kuɗi a kan kowace motar da ta yi lodi. Ku buga tikiti, a rubuta inda mutum zai sauka, da abin da ya biya na kansa da na kaya, da lambar mota. Direban da ya yi juye ba tare da motarsa ta lalace ba, ya mayar da kuɗin ragowar hanya a hannun fasinja, ba a hannun wani direba ba, kuma a hana shi lodi na mako guda. A yi rumfa, a yi makewayin mata mai ƙofa. Wanne daga cikin waɗannan ne yake jiran kasafin kuɗin tarayya?