Alhaji ya kusa cinye min albashi

Kafin wani yayi zaton maganar bashi ce ko rigimar fili, Alhaji kifi ne. Golfish ɗin nan mai ruwan lemo da ake sawa a akwatin gilashi a falo, yara ne suka raɗa masa sunan saboda tumbi da kuma yadda yake tafiyarsa a ruwa a natse baya saurin kowa. Su shida na siyo a wani shago wajen Sabon Gari, da akwati mai cin lita 60, da filta da famfon iska da tsakuwa masu kala. Mai shagon yace min oga wannan kifin bashi da wahala, ruwa ne kawai da abinci. Ban ce Allah ya isa ba, amma dai ina sane da shi.

Da Hajiyarmu tazo ta gani abin da ta fara tambaya shi ne yaushe zasu isa ci. Nace Hajiya ai ba a ci, na kallo ne. Tayi shiru can tace to Allah ya kyauta, talabijin ɗin ce ta lalace?

Ba a daɗe ba sai ga wasu fararen ɗige-ɗige a jikinsu kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta goga jiki a tsakuwa suna matse fiffike. Na koma shago aka bani wani shuɗin magani wai shi metilin bulu, wallahi maganin nan baya tausayi, ya rina ruwa ya rina hannuna ya rina kafet, har farar shaddata ta Juma'a sai da ta samu rabonta, a masallaci na kusa da ni a sahu sai satar kallon yatsuna yake, ina ga ya ɗauka a Ƙofar Mata nake aiki. Amma dai ɗige-ɗigen suka ɓace, nace alhamdulillah na mayar da kwalba cikin durowa. Bayan ɗan lokaci suka dawo har sun fi na da. Na sake zubawa, suka tafi, na daina, suka dawo. Haka muka dinga yi ni da su, mai shago kuwa da ya hango ni daga nesa sai ya fara murmushi yana miƙa hannu kan kanta.

Ana cikin haka wata da yara ke kira Amarya saboda doguwar jela, jelar ta fara zagwanyewa a gefe tana yin fari, ga jan jini-jini a jiki. Maƙwabcina mai kiwon tarwaɗa a bayan gida yazo ya duba da hannu a baya irin na manyan likitoci, yace wannan ai ba komai bane, a matse shuwaka a zuba, a fasa kafso ja da yalo guda biyu a ƙara. Na bi. Ruwan ya koma wani kala da ban san sunansa ba, uwargida ta leƙo daga kicin tace Abban yara saura manja da daddawa. A wannan makon biyu daga cikin ƙananan suka riga mu gidan gaskiya.

Sai kuma Alhaji da kansa. Na dawo daga sallar asuba na tarar da shi a saman ruwa ciki sama baya ƙasa, shiru. Autata ta fasa kuka, yayanta har ya ɗauko cokali ya fara haƙa rami a gindin bishiyar lemo, ni kuma na ɗauko rariyar shayi zan kwaso gawa cikin girmamawa, ina sa rariyar a ruwa sai mamaci ya wutsil ya gudu yana iyo a kife, yazo gefen da ake zuba abinci yana buɗe baki.

Daga nan Hajiya ta yanke hukunci cewa kambun baka ne, tace duk wanda ya shigo sai yace kai kifin nan sun yi kyau, ba mai cewa tubarkalla. Tun daga ranar in anyi sallama da baƙi sai a rufa wa akwatin zani. Wato na kashe kuɗi na sayi abin ado don baƙi su gani, yanzu kuma baƙi ne kaɗai ba a yarda su gani ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ba wai muna ƙazanta bane. Uwargida a kan tsafta ba a wasa da ita, duk Asabar sai ta kwashe kifin ta zuba a baho, ta zubar da ruwan kaf, ta wanke gilashin da omo, ta wanke tsakuwar ta shanya a rana, soson cikin filta kuwa sai ya sha ruwan zafi ya koma fari tas, sannan a cika da sabon ruwan famfo a mayar da su. Ni kuma ina gefe ina jinjina mata.

Ƙaninta ne ya kawo ƙarshen jinjinar. Yaron yayi karatu a kwalejin kifi ta New Bussa a jihar Neja, yazo mana kwana biyu, kuma Allah ya kawo shi ranar Asabar. Ya tarar da yayarsa ta sa soson filta a gaba tana dirza, ya dafe kai yace Anti innalillahi, me suka yi miki? Ya zaunar da mu kamar 'yan firamare. Yace kifi a cikin ruwan da yake zaune yake kashi, kuma ta inda yake numfashi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, golfish kuwa ya fi yawancin kifin ado ci da ɓata ruwa. Wannan ruwan ƙasa-ƙasan da ke taruwa a soso gidan wasu bakteriya ne masu amfani, su suke juya amoniya ta zama naitirait, wasu su juya ta ta zama naitiret mai sauƙin illa, kuma kafin su kafu sosai sai an yi mako 4 zuwa 6. To mu duk kwana 7 muke musu kisan ƙare dangi da omo da ruwan zafi, ga kilorin ɗin ruwan famfo da ke ƙona kifin ya ƙarasa ragowar bakteriyar. Kifin da kullum yake cikin guba jikinsa baya iya kare kansa, shi yasa kowace cuta ta zo wucewa sai ta tsaya ta gaisa, har da rubewar jelar Amarya. Uwargida tace wato datti kake so in bari a falona? Yace eh Anti, wannan dattin dai.

Kan ɗige-ɗigen kuma ni ya juyo wa. Yace Yaya wata ƙwayar halitta ce take shiga ƙarƙashin fatar kifi, tana ciki magani baya taɓa ta, in ta ƙoshi sai ta faɗo cikin tsakuwa ta lulluɓe kanta ta rarrabu ta zama ɗaruruwa, sai lokacin da 'ya'yan suka fito suna yawo a ruwa neman kifi ne kaɗai magani ke kama su. Wato ranar da nake ganin jiki ya washe ina rufe kwalba ina hamdala, ranar suke ƙasa suna haihuwa. Dole a ci gaba da magani kamar mako guda bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace, in kuma akwai gawayi a cikin filta a cire shi don shanye maganin yake. Na buɗe filta, ga gawayi nan zaune, shi ya sha rabin kuɗina.

Sai ya tambaya wa ke basu abinci. Na ɗaga hannu da alfahari nace ni, safe da yamma. Shiru. Sai naga hannun babban ya tashi a hankali, wai kafin ya tafi makaranta. Auta tace ita in ta dawo daga islamiyya, don suna kallonta suna buɗe baki. Uwargida tace ita dai ɗan kaɗan ne da rana. Hajiya tana kan darduma bata ko juyo ba tace ni ɓarɓashin ƙosai ne kawai, ai ba a cin abu dabba na kallo. Kowa a gidan nan yana ciyar da Alhaji a ɓoye yana neman lada. Yaron yace golfish bashi da tumbin ajiya irin namu, hanji ne kawai, kuma in dai ya ga abinci zai ci, cikin ya kumbura ya danne jakar iskar da ke daidaita shi a ruwa, shi ya sa ya kife. Abin da zasu cinye cikin minti 2 ya ishe su.

Aka sa Alhaji azumin kwana 3, sannan aka yi masa buɗa baki da dafaffen girin fis da aka ɓare wa bawo, ya miƙe ya koma tafiyarsa ta ƙasaita. Aka narka gishiri tsura ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai giram 3 a kowace lita, ruwa kuma yanzu kashi ɗaya cikin huɗu kawai muke canzawa a mako, da wanda ya kwana a jarka a buɗe, soso kuma a ɗan matse shi cikin tsohon ruwan akwatin shikenan. Ya sa na sayi ɗan famfon iska mai aiki da fawa bank, don golfish kifin ruwan sanyi ne tun asalinsa a Sin, ruwan ɗumi kuma baya riƙe iska sosai, ka haɗa zafin Afrilu na Kano da ɗauke wuta ka ga dalilin da suke taruwa a sama suna haki. Yace sabon kifi ma kar a sake a zuba shi kai tsaye sai yayi mako 2 zuwa 4 a wani mazubi daban, sannan ya ƙara da cewa lita 60 ɗin nan da ƙyar ta ishi Alhaji shi kaɗai, kuma in ya samu kula zai iya shekara 10 ko fiye. Nace masa wannan maganar ya bar ta tsakaninmu tukuna, don kuɗin da nake tarawa na firij ɗin yayarsa ne.

Jelar Amarya ta fara tsirowa, Hajiya tace kun gani ko, tunda aka fara rufa zani. Uwargida dai har yanzu in ta wuce ta gaban filtar sai naga tana kallon soson nan tana cije leɓe. Jajiberin Sallah da aka tashi wankin gida gaba ɗaya a falo na wuni, na ja kujera na zauna gaban akwatin da carbi a hannu, ko aski ban samu zuwa ba.