Kofin Remo Stars da tambayar da ya bar wa Kaduna

Ranar 27 ga Afrilun 2025 Remo Stars ta ci Niger Tornadoes ɗaya mai ban haushi a filinta na Ikenne da ke jihar Ogun, ta ɗauke kofin Firimiyar Najeriya tun saura wasa uku a rufe kaka. Ba ta taɓa lashe gasar ba sai wannan karon. Ikenne, mahaifar Cif Obafemi Awolowo, ƙaramin gari ne, unguwar Rigasa ta nan Kaduna ita kaɗai ta fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Duk da haka ya shiga sahun garuruwan zakarun ƙasa, sunan Kaduna kuwa babu shi, tun daga 1972 da aka fara lig na ƙasa har zuwa kakar 2025. Jos ta ɗauka da Mighty Jets da Plateau United. Kano ta ɗauka da Raccah Rovers, Pillars kuma ta ƙara mata sau huɗu. Har Gboko ta ɗauka da BCC Lions a 1994. Mu dai shiru, kuma abin yana ci mini rai.

Ba 'yan wasa muka rasa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. A wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta, 1996, inda Najeriya ta doke Ajantina 3-2, biyu daga cikin ƙwallayen 'yan Kaduna ne suka zura su, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi. Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma haifaffun garin nan, suna cikin tawagar. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009. Har gobe, in ka zaga Tudun Wada ko Kawo ko Kakuri bayan la'asar, za ka tarar da yaran da ke taka leda a kan jar ƙasa, waɗanda ko wane koci zai so a ce nasa ne. Ƙungiyar da za ta tara su, ta raine su, ta kuma daɗe a raye, ita ce ba mu da ita.

Kowa ya dubi hanyar da Remo Stars ta bi kafin ta kai ga kofi. Ta hau babbar gasa a kakar 2017, ta faɗo a shekarar. Ta sake hawa a 2019, ta sake faɗowa. A waccan kakar ta 2019 tare suka hau da Kada City ta nan Kaduna, amma ita Kada City ta sayar da gurbinta ga Delta Force ana tsakiyar kaka. Daga nan hanya ta rabu. Remo ta dawo a 2021, ta ƙare ta uku a 2022, ta biyu a 2023 bayan Enyimba, ta biyu kuma a 2024 bayan Enugu Rangers, sannan ta ɗauki kofin a 2025. Kada City ba ta sake leƙo Firimiya ba a tsawon waɗannan shekarun.

Me ya raba su? A ganina, Remo ta samu mai gida da bai ɗauki faɗuwa a matsayin ƙarshen zance ba. Kunle Soname ya kafa ƙungiyar tun 2004 a Legas kafin ya mayar da ita gida, wato ya shafe sama da shekara 20 yana zuba kuɗi kafin ya ga kofin lig. Bai tsaya kan sayen 'yan wasa ba. Ya gina fili na ƙungiyar kanta a Ikenne, da filayen atisaye da masaukin 'yan wasa, ya kafa makarantar rainon matasa ta Beyond Limits, ya kafa ƙungiyar mata. Ƙungiyar da ke da filinta ba ta zuwa atisaye ta tarar an kafa rumfunan taron siyasa a kan ciyawa. Wadda ke da makarantar yara ba ta fara daga tushe duk shekarar da manyan 'yan wasanta suka tafi, kuma in ta sayar da yaro ɗaya zuwa Turai, kuɗin na komawa cikin ginin da ya samar da shi.

Sai maganar koci, wadda na fi so masu ƙungiyoyinmu su saurara da kyau. Daniel Ogunmodede ɗan gida ne a Remo, ya daɗe a cikin tsarin kafin a damƙa masa babbar tawaga a 2022. Sau biyu a jere ya zo na biyu. A wurare da yawa a ƙasar nan, da tuni an ba shi wa'adin wasa uku, ko an ce ya ɗan koma gefe, an kawo wani da zai zo da nasa 'yan wasan guda goma sha. An bar shi, 'yan wasan da suka sha ɗacin rashi sau biyu suka zauna tare, suka san juna, suka koyi yadda ake ɗebo maki a waje a gasar da cin wasa a gidan wani ke da wuyar gaske. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a gasa mai wasa 38, wadda mota ke ɗaukar 'yan wasa daga Ikenne zuwa Maiduguri, tawagar da ta saba da juna ita ke kai labari.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai ƙungiyoyin gwamnati ne suka fi cin kofin nan, kuma gaskiya ne. Enyimba ta jihar Abiya ta ɗauka sau tara, ta kuma ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Pillars ta ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Kafin Remo, rabon da ƙungiyar wani mutum ta lashe lig tun Ocean Boys a 2006. Kada City ma ba ta gwamnati ba ce, amma hakan bai cece ta ba. Saboda haka ban ce kuɗin gwamnati haramun ne ga ƙwallo ba, ban kuma ce duk ƙungiyar attajiri za ta yi nasara ba. Matsalar ƙungiyar gwamnati ita ce rayuwarta tana rataye da son zuciyar wanda ke kan kujera. In gwamna na son ƙwallo a sha daɗi, in ya sauka a koma bin bashin albashi da alawus. Mun gani da idonmu: Kaduna United ta doke Enyimba a bugun fenariti ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010, shekara huɗu bayan haka ta faɗo daga Firimiya. Ba a gina komai a kan waccan nasarar ba.

Za a kuma ce dukiyar Soname daga kamfanin caca na Bet9ja take, mu kuwa addininmu da tarbiyyarmu ba su yarda da wannan ba. Ina tare da masu wannan magana ɗari bisa ɗari, kuma ba na fatan ganin sunan kamfanin caca a ƙirjin rigar wata ƙungiyar Kaduna, alhali muna ganin yadda cacar ƙwallo ke cinye aljihun samarinmu. Amma tsari muke son ara, ba tushen kuɗin ba. Garin nan na da masu gidajen mai, da 'yan kwangila, da masu kamfanonin taki da abincin kaji, da manyan 'yan kasuwa da ke iya riƙe ƙungiya shekara goma ba su girgiza ba.

Kuma kada a ɗauka Remo ta kai ƙarshen tafiya. Da ta fita Afirka a Oktoban 2025, Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta yi mata 7-1 jimillar wasan gida da na waje. Tazarar da ke tsakanin zakaran Najeriya da manyan nahiyar tana da faɗi, mu kuma ko zakaran Najeriyar ba mu kamo ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Kaduna ta taɓa bin wannan hanyar. Ranchers Bees, wadda ta fara a matsayin DIC Bees kafin Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta, ta kai wasan ƙarshe na kofin masu kofuna na Afirka a 1988, inda Bizerte ta Tunisiya ta doke ta da ƙyar, ta kuma ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1989. Daga cikinta Amokachi ya tafi Club Brugge ta Beljiyam. Ƙoƙarin mutum ɗaya ne ya kai ta can, kuma rashin ginin da zai tsaya bayan ƙarfin mutum ɗaya ne ya sa ta dusashe. Shigowar Sadiq Umar, ɗan wasan Super Eagles kuma ɗan garin nan, cikin masu mallakarta a 2025 abin farin ciki ne. Roƙona gare shi da abokan tafiyarsa shi ne su fara da filin atisaye nasu na kansu, da tawagar 'yan ƙasa da shekara 15 da ta 17, da kwantiragi a rubuce ga kowane yaro, kafin su yi wa kowa alkawarin kofi. Gwamnatin jiha kuma nata aikin a bayyane yake: ta gyara fili, ta ba da hayarsa na dogon zango a kan yarjejeniyar da sabon gwamna ba zai soke ba, ta samar da tsaro ranar wasa, ta cire hannunta daga zaɓen koci.

Mu 'yan kallo ma da namu kason. Duk Asabar da Lahadi gidajen kallo daga Unguwar Sanusi zuwa Barnawa cike suke maƙil, ana biyan kuɗi ana musu kan Arsenal da Real Madrid, amma ranar wasan gida sai a nemi shiga kyauta, in an yi canjaras kuma a tare alƙalin wasa. Ba attajirin da zai zuba dukiyarsa shekara da shekaru a filin da ake cin ƙungiyarsa tara ko a kore ta zuwa wani gari saboda jifa. Kuɗin ƙofa da sayen riga ta asali su ne kuɗin shiga na farko da kowace ƙungiya ke dogaro da su, kuma waɗannan biyun daga aljihunmu za su fito.